Labarin Zuciya: A Tambayi Fuska Ko A Tambayi Baki?

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Tun muna aji ɗaya aka koya mana wannan karin magana, ni ma na sha kawo ta a jarrabawa ba tare da na tsaya na auna ta ba. To amma yau ina neman izinin malamaina da 'yan uwana ɗalibai in ɗan ja da ita, domin wani abu da ya faru da ni ya sa na fara shakkar ko fuska amintacciyar shaida ce.

A hutun da ya wuce na gayyaci wani abokina ɗan ajinmu, Bayarabe da ya zo sashenmu koyon Hausa, muka tafi gidanmu ya kwana uku. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata. Da muka shiga na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa a taƙaice tana kallon gefe, ba ta ko ambaci sunana ba, alhali shi baƙon ta yi ta jan sa da hira tana cika masa gaba da abinci. Abokina bai ce uffan ba sai bayan mako biyu da dawowarmu makaranta, ya same ni a ɗaki ya ce: "Ka yi haƙuri da tambayata, me ka yi wa Mama take fushi da kai?" Sai da na yi dariya na ƙoshi, sannan na bayyana masa kunyar ɗan fari, na kuma gaya masa cewa miyar kukar da ya yi ta santi a kai, saboda ni aka kaɗa ta. Mako biyu bawan Allah ya yi yana tausaya mini a banza. Fuska ya tambaya, ita kuwa ta ba shi labarin da ba shi ke nan ba.

Babu mai ganin abin da ke cikin zuciyar wani. Abin da ƙwaƙwalwa ke yi shi ne kirdado: ta tattara kallo da murya da abin da ta sani game da mutum, sai ta yanke cewa wane yana fushi, wance tana tsammanin kaza. Wannan baiwa ba a haihuwar yaro da ita cikakkiya. A shekarar 1983 wasu masana biyu a ƙasar Ostiriya, Heinz Wimmer da Josef Perner, suka gwada yara da wani ɗan labari. Wani yaro ya ajiye cakulan a cikin kabad ya fita wasa, mahaifiyarsa ta sauya masa wuri a bayan idonsa. Idan ya dawo, ina zai fara dubawa? Yawancin 'yan shekara uku sabon wurin suke nunawa, domin a ganinsu abin da suka sani kowa ma ya sani. Sai daga shekara huɗu zuwa biyar yaro ke fara gane cewa wani yana iya riƙe da zaton da ba gaskiya ba ne. Daga lokacin ne tatsuniya ke yi masa daɗi sosai, saboda in Gizo ya yaudari Kura, mai sauraro yana riƙe da abu biyu a kansa: gaskiyar lamari, da kuma abin da Kura take zato.

A shekarar 2003 kuma Rebecca Saxe da Nancy Kanwisher, a Amurka, suka yi amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa yayin da take aiki. Suka ga wani yanki, sama da kunne ta ɗan baya, yana ƙara himma idan mutum na karanta labarin abin da wani ke tunani, fiye da idan labarin kamanninsa ne kawai. Wato ƙwaƙwalwa ta ware ma'aikata domin wannan aiki. Sai dai ma'aikatan nan da kayan gida suke aiki, wato da abin da mai ƙwaƙwalwar ya saba gani. Shi ya sa abokina ya auna mahaifiyata da mudun tasa mahaifiyar.

A nan ne maganar ta shafe mu, mu ɗaliban harshe. A ƙasar Nikaraguwa kurame sun ƙirƙiro maganar hannu tasu tun daga ƙarshen shekarun 1970. Binciken da Jennie Pyers da Ann Senghas suka wallafa a 2009 ya nuna cewa manyan da suka fara amfani da harshen, waɗanda ba su da isassun kalmomi irin su "sani" da "zato", sun sha wahalar gwaji mai kama da na cakulan. Bayan shekara biyu, da suka koyi kalmomin a wurin na baya da su, sai aka ga sun fi iya gwajin. Ashe harshe yana wasa wannan baiwa kamar yadda dutse ke wasa wuƙa. Dubi Hausa ma. Kalmar "ashe" tana nuna mai magana ya gano zatonsa na da kuskure ne. Kalmar "wai" tana nuna ya ji ne, bai ɗauki alhakin zancen ba. Gatse da habaici kuwa ba sa yiwuwa sai mai sauraro ya tsallake kalmomi ya hango nufi. Wanda ya haddace nahawu bai san waɗannan ba, da sauransa.

Kada mai karatu ya ɗauka baƙin harshe kaɗai ke wannan kuskure. Mu da muka sha Hausa a nono mun fi su laifi, ni ne kuma na farko. Akwai wata 'yar ajinmu da ta yi zango guda ba ta buɗe baki a darasin hira ba. Na yanke mata hukuncin girman kai, har na faɗa wa wasu. Daga baya na ji daga bakinta cewa ranar farko ta tashi cewa "kuka" na itace ta faɗi "kuka" na hawaye, aji ya fashe da dariya, ni ma ina ciki. Tun ranar tsoro ya rufe mata baki, har ta fara neman takardar sauya sashe. Ni na manta da dariyar kafin la'asar, ita kuwa ta kwana da ita wata huɗu.

Abin da ya same ni sananne ne. A 1990 Elizabeth Newton ta Jami'ar Stanford ta sa mutane su ƙwanƙwasa amon sanannun waƙoƙi a kan tebur, wasu su canka. Masu ƙwanƙwasawa sun zaci za a gane rabi, amma a cikin 120 uku kacal aka gane. Su suna jin waƙar a kansu, mai sauraro kuwa ƙwas-ƙwas kawai yake ji. Haka karin sauti yake a kunnenmu da kunnen mai koyo.

Wani zai ce maganin shi ne mutum ya ɗauki kansa a matsayin ɗan uwansa. Wannan hali ne mai kyau, amma bai wadatar ba. A 2018 Tal Eyal da Mary Steffel da Nicholas Epley sun wallafa sakamakon gwaje-gwaje 25, inda suka ga cewa yin hakan bai ƙara wa mutane dacewa wajen cankar zuciyar wasu ba. Abin da ya taimaka shi ne tambayar mutumin da sauraron amsarsa.

Saboda haka, a nawa ra'ayin, fuska mafarin bincike ce kawai. Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta haɗa kowane sabon ɗalibi mai koyo da wani ɗan harshe, su riƙa zama ko sau ɗaya a mako, kowa ya tambayi ɗan uwansa abin da ya shige masa duhu ba tare da dariya ba. Mu kuma da ke alfahari da harshen, kafin mu ce wane mai girman kai ne ko wance ba ta da ƙoƙari, mu daure mu tambaya. Ai Hausawan da suka ce a tambayi fuska, su ne dai suka ce matambayi ba ya ɓata. Ita 'yar ajin namu na je na ba ta haƙuri, ba ta kuma sauya sashen ba. Yanzu ita ke gyara mini rubutun ɗauri a aikin gida.