Katin 'Yan Wasa: Sha'awa Ce, Ba Jari Ba



Ƙanina ya aiko min da saƙo, wai in riƙa saya masa katunan 'yan wasa a nan Amurka, ya ji ana kuɗancewa da su. To, akwai ƙamshin gaskiya. A 2022 an sayar da katin Mickey Mantle, ɗan wasan besbol, wanda kamfanin Topps ya buga a 1952, kan dala miliyan 12.6. Ɗan kwali ne fa, bai kai tafin hannu ba!

Amma ƙanina, abin da ke ba kati daraja shi ne ƙarancinsa da rashin lahani. Kamfanoni irin su PSA suna duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10; kusurwa ɗaya ta lanƙwashe, farashi ya zube. Waɗanda aka buga daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 kuwa, yawansu ya sa akasarinsu ba su da wata ƙima.

Nima na taɓa ɗanawa. Dala 40 na cire daga kuɗin cefane na sayi rufaffun fakiti, ban samu ko ɗaya na kirki ba. Satin nan taliya na yi ta ci. A ganina, sayen rufaffen fakiti don neman riba ba shi da maraba da caca.

In don sha'awa ne, zan kawo maka katin Hakeem Olajuwon idan na zo hutu. Jari kuwa, zuba shi a shagonka.

A gaida mutanen gida.