Wariyar Jinsi a Filin Ƙwallo: Can Turai da Nan Adar

A wanga wata za mu yi zancen wasan ƙwallo, wanda yaranmu ke kira balo. Damana ta wuce, an yanke hatsi, matasa sun koma fili da marece. Wasu kuma suna sauraren wasannin Turai a rediyo, ko su kalla a talabijin. Amma akwai wata cuta da ke bin wanga wasa, ita ce wariyar jinsi. Ma'anarta a rena mutum saboda launin fatarshi, ko yarenshi, ko asalin iyayenshi.

Mu fara da abin da ya faru a nesa. A shekara ta 2006, Samuel Eto'o ɗan Kamaru shina buga ma ƙungiyar Barselona a garin Saragosa, ƙasar Espaniya. Ƴan kallo suka yi ta yi mashi kukan biri. Ranshi ya ɓaci, ya nufi bakin fili zai fita. Abokan wasanshi suka ba shi haƙuri, ya komo. Daga baya aka ci ƙungiyar Saragosa tara, kuɗin bai kai miliyan 6 na sefa ba. A wajen babbar ƙungiyar Turai wannan ba kuɗi ba ne. Don haka masu zagi ba su ji tsoro ba.

A 2013 aka sake yin irin haka a Italiya. Wanda aka zaga shi ne Kevin-Prince Boateng, mai buga ma Gana. Ya ɗauki ƙwallo ya doka wajen masu zagin, ya tuɓe riga, ya fice. A wannan karo abokanshi na ƙungiyar Milan, farare da baƙaƙe, duk suka bi bayanshi, wasa ya mutu nan take. Duniya ta ji labari. Ku lura da bambancin. Eto'o shi kaɗai ya so fita, sai aka mayar da shi. Boateng ya samu masu tsaya mashi, sai maganar ta yi nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Duk da haka gyara bai zo da sauri ba. A 2017 Sulley Muntari, shi ma ɗan Gana, ya kai kuka wajen alƙalin wasa a Italiya cewa ana zaginshi. Maimakon a tsawata ma masu zagi, shi aka ɗaga ma kati. Ya fita fili, aka hana shi wasa ɗaya. Sai da mutane suka yi ca, kana aka soke hukuncin. A 2023 aka zagi Vinisiyus ɗan Barazil a garin Balansiya. A 2024 kotun Espaniya ta yanke ma mutum 3 ɗaurin wata 8, ta kuma hana su shiga filin wasa shekara 2.

Hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta ba alƙalan wasa matakai 3. Na farko, a tsayar da wasa a ja kunnen ƴan kallo. Na biyu, in ba su daina ba, ƴan wasa su bar fili na ɗan lokaci. Na uku, a kashe wasan gaba ɗaya. A 2024 aka ƙara wata alama: ɗan wasan da aka zaga ya gicciye hannuwanshi biyu, alƙali ya gani.

Mu Afirka mun riga Turawa sanin amfanin tsayawa tare. A 1957 ƙasashe 4 suka kafa hukumar ƙwallon Afirka: Masar, Sudan, Habasha da Afirka ta Kudu. Afirka ta Kudu ta ƙi haɗa baƙi da fari cikin ƙungiya ɗaya, sai aka hana ta gasar farko da aka yi a Khartum. A 1976 FIFA ta kore ta. Ba ta komo ba sai 1992, lokacin da mulkin wariya ke rushewa. A 1996 ƙungiyarta mai baƙi da fari ta ɗauki kofin Afirka.

To, ƴan'uwa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. In muka ji an kira ɗan Afirka biri, ranmu na ɓaci, kuma daidai ne. Amma mu saurari abin da ke fitowa bakinmu a filayen Takanamat da ƙauyukan kewaye. Yaro ya ɓarar da ƙwallo, sai ka ji an ce mashi ɗan bayi. Wani a ce mashi ɗan maƙera, wani ɗan mahauta. In ɗan makiyayi ya zo daga ruga ko zango, ba Hausa sosai a bakinshi, sai a yi ta kwaikwayon maganarshi, a bar shi bakin fili shina tsaron takalman mutane. In ɗan manomi ya je wajensu, shi ma a rena shi. Wagga ɗabi'a da kukan birin Saragosa uwarsu ɗaya.

Kada wani ya ce zancen bauta tsohon zance ne da ba ya ciwo. A nan jiharmu ta Tawa, wajen Ƙwanni, aka sayar da Hadijatu Mani a 1996, tana da shekara 12, a kan jika 240. Ƙungiyar Timidiriya, wadda aka kafa a 1991, ta kama mata. Sunan nan da Buzanci yana nufin ƴan'uwantaka. A watan Oktoba na 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta zauna a Yamai, ta ce ƙasa ba ta kare ta ba, ta sa a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Tun 2003 dokar Nijar ta mayar da bauta babban laifi, ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Saboda haka wanda ya kira yaro bawa a fili, tsohon miki ya fama.

Wani zai ce ai wasa ne, taubasaka ce. Gaskiya muna da wasan dangi, kuma abin alfahari ne. Bafulatani da Babarbare suna yi, Bagobiri da Bazabarme suna yi. A 2014 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya da sunan Nijar. Amma taubasaka tana da ƙa'ida. Kai ka faɗa, shi ya rama, ku biyu ku yi dariya, ku ci tuwo akushi ɗaya. In mutum ɗaya ke dariya, ɗayan ya sunkuyar da kai ba shi da bakin ramawa, to ba taubasaka ba ce, cin mutunci ne.

Me ya sa muka damu? Don yaran da ke fili yau, su ne za su haɗu gobe a bakin rijiya da kan burtali. Wanda ya tashi da reni, in bisa ta shiga gonarshi ba zai nemi sulhu ba. Ba mu manta da Toda ba, a jihar Maraɗi, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci fiye da mutum 100 a 1991. Amma yaran da suka ci gasa tare, suka sha ruwa kwano ɗaya, da wuya su ɗauki makami a kan juna.

Ga shawara 4 ga shugabannin matasa da hakimai. Ta farko, in za a raba ƙungiya, kada a raba ta unguwa ko yare, a gauraya ɗan gona da ɗan garke. Ta biyu, a sa dattijo mai jin magana ya zauna bakin fili tare da alƙali. Ta uku, mu ari matakan nan 3: zagin asali na farko a tsayar a ja kunne, na biyu mai zagi ya bar fili, na uku a kashe wasa, a kai magana gaban maigari. Ta huɗu, in an zagi abokin wasanka, kada ka ce ba ruwanka, ka yi abin da abokan Boateng suka yi.

Ku tuna da Mena, ƙungiyar ƙasarmu. Lokacin da ta je gasar kofin Afirka karo na farko a 2012, ba wanda ya tambayi ƴan wasanta ko kakansu wane ne. Duk ƙasa ta yi murna tare. Haka nan a kokowa, tun gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975, wanda ya kayar shi ke ɗaukar takobi, ko ɗan wane ne.

Wanda ya karanta wanga shafi, ya karanta ma na kusa da shi, a fada, a kasuwa, ko a mashaya. Sai wata mai zuwa, in muna da rai da lafiya.