Idan gidanku akwai hayaniya, ƙaramin iyafis mai waya ya fi maka babban hedifon

Ɗakin da nake aiki a cikinsa yana jikin zaure ne, tagarsa kuma tana kallon layi. Da hantsi injin markaɗen maƙwabta ne ke tashi, da yamma yara sun taso daga Islamiyya, da daddare in an ɗauke wuta janareto uku ne ke gasa. A nan na koya wa kaina rubuta manhaja, a nan kuma nake ganawa da masu ba ni aiki ta Google Meet. Duk wanda ya taɓa neman kuskure ɗaya cikin layi ɗari biyar ya san ihu ɗaya ya isa ya watsa masa tunanin rabin awa.

Kuɗin aikina na farko mai ɗan kauri, hedifon na saya da su. Ƙato, mara waya, an rubuta ANC ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Na kunna shi, gurnanin janareto ya ɗan ja baya, amma kukan jaririn yayata da surutun tsakar gida suna nan daram kamar ban sa komai ba. Kafin damina ta fita fatar da ke taɓa kunne ta fara ɓarewa, batir kuma ba ya kai la'asar. Tun daga nan na tsaya a kan ra'ayi ɗaya: mai ƙaramin ƙarfi da ke zaune a gidan yawa ya fara da iyafis mai waya, irin mai shiga ramin kunne da ake rubuta wa IEM, ya bar maganar ANC sai aljihu ya yi nauyi.

Hanya biyu ce ake rage hayaniya. Ta farko toshewa ce kawai, kamar ka sa yatsa a kunne. Ta biyu ita ce ANC: ƙananan makirufo suna sauraren ƙarar waje, na'urar ta fitar da kishiyar sautin don su kashe juna. Wannan dabara ta fi aiki a kan ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa, irin ta injin jirgin sama, fanka ko janareto. Muryar mutum, kukan yaro da ƙarar kwanuka kuwa suna zuwa ne ba zato, kuma sun fi siranta, don haka suna kuɓuce mata. Abin da ke tare su shi ne toshewa. Hayaniyar gidajenmu kuma, in ka cire janareto, kusan duk ta mutane ce. ANC mai kyau irin na Sony ko Bose yana cin ɗaruruwan daloli. Na araha sau da yawa suna ne kawai a kwali.

Asalin IEM na mawaƙa ne, waɗanda ke son jin kansu a kan dandamali alhali manyan lasifiku na ruri a gefensu. Yau kamfanonin Chaina sun karya farashinsa. Moondrop Chu II, 7Hz Salnotes Zero da Tangzu Wan'er duk suna wajen dala 20, kuma ana iya cire wayarsu a sauya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin waya ce ke fara mutuwa a kowane iyafis. Wanda toshewa ce babbar buƙatarsa, kuma yana da halin ƙari, ya dubi Shure SE215, wanda kamfanin ya ce yana tare ƙara har desibel 37, sai dai kuɗinsa ya kai wajen dala 100.

Sirrin duka yana kan 'yar robar da ke bakinsa. In ba ta cika ramin kunnenka ba, ka yi asarar toshewa, ka yi asarar kaurin sauti. Ana haɗo ta girma uku a kwali. Ka gwada duka, kada ka tsaya kan wadda ka tarar a jiki, kuma ba dole ne kunnen dama da na hagu su ɗauki girma ɗaya ba. Abin da ya fi canza mini rayuwa shi ne kan soso, wanda ake murzawa ya tsuke, a cusa shi ya kumbura a ciki. Yana tare hayaniya fiye da roba, amma yana shan datti, bayan 'yan watanni sai an sauya.

Akwai masu cewa ba sa iya jure abu a cikin kunne, kuma suna da gaskiya. Wani yana sa masa ƙaiƙayi, wani yana jin taunarsa da takunsa suna amsa kuwwa a kai. Irin wannan mutum ya nemi hedifon mai rufaffen baya. Audio-Technica ATH-M20x shi ne na ƙasa a farashi, sai AKG K361 da Sony MDR-7506, wanda tun 1991 ake aiki da shi a gidajen rediyo da ɗakunan ɗaukar sauti. Ka kula da abu uku. Kada ka yarda a sayar maka da mai buɗaɗɗen baya, mai raga-raga a waje, komai daɗin sautinsa: hayaniya za ta shigo, naka sautin kuma zai fita kowa ya ji. Ka duba lambar da ke da alamar Ω. Beyerdynamic DT 770 Pro, alal misali, yana zuwa da 32, 80 da 250, kuma na 250 ba zai yi ƙara sosai a waya ba sai da abin ƙara masa ƙarfi. Sannan in kana sa tabarau, ƙafarsa tana ɗaga katifar kunnen, ƙara ta samu kafa. Ga kuma zafi: a watan Afrilu, awa ɗaya da shi a kai kunnuwanka sun jiƙe sharkaf.

Maganar ba ta tsaya kan jin daɗin kiɗa ko karatu ba, lafiyar kunne ce. Idan abin da ka sa ba ya toshewa, hannunka da kansa yake zuwa ya ƙara murya don ta rinjayi janareto. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare. Ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Ƙwayoyin ji na can cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa. Da kan soso, ni yanzu ƙasa da rabin murya nake tsayawa, kuma ina jin komai.

Abu biyu kada ka yi tsammaninsu. Iyafis yana rage abin da kai kake ji ne, ba abin da abokin maganarka yake ji ba. Don haka ka kunna tace hayaniya a Zoom ko Meet, ka kusantar da makirufo bakinka. Kuma in wayarka ba ta da ramin iyafis, 'yar mahaɗar USB-C ta Apple, mai wajen dala 9, ta wadatar da duk IEM ɗin da na lissafa.

Toshewar tana da nata farashin. Ranar da na fara sa kan soso, Umma ta kira ni sau huɗu, sai da ta aiko ƙanena ya taɓa kafaɗata, kuma sallar la'asar ta wuce ni a jam'i. Yanzu na sa ƙararrawar lokutan salla a kwamfuta, na kuma gaya wa mutanen gida in ana nemana a kira wayata. A kan titi ko a kan babur kuwa ba na sa shi sam.

In ka je saye, a Farm Centre ne ko a intanet, ka nemi wanda wayarsa ke cirewa, ka haɗa da kan soso girmanka. In da hali ka cusa shi a kunne a tsakiyar kasuwa ba tare da ka kunna komai ba. Yadda hayaniyar kasuwar ta ragu, haka ta gidanku za ta ragu.