Fansho gumin ma'aikaci ne, a daina zaftare shi

Ranar Juma'a, muna fitowa daga masallaci a Bronx, wani dattijo ya ja ni gefe ya miƙo mini takarda, hannunsa na rawa. "Ɗana, duba mini wannan, ko idona ne ya gaza." Idonsa lafiya lau. Ya shafe shekaru yana dakon kaya a wani sito a New Jersey, aka sallame shi, ya nemi kuɗin tallafin rashin aiki, sai aka zaftare masa wai don yana karɓar ɗan fansho daga kamfanin. Na karanta, raina ya ɓaci, har yanzu bai huce ba.

Tun 1976 majalisar dokokin Amurka ta tilasta wa jihohi su rage wannan tallafi idan mutum yana cin fansho daga inda ya yi aikin. A 1980 aka ɗan sassauta, aka ce jiha na iya la'akari da abin da ma'aikaci ya zuba da kansa a fanshon. Tana iya, ba dole ba! To fansho kyauta ce? Albashi ne da aka jinkirta, gumi ne da aka ajiye wa tsufa. Kuma New Jersey na cikin jihohi uku kacal, da Alaska da Pennsylvania, da ake cirar kuɗin asusun tallafin daga albashin ma'aikaci. Wato baban nan ya zuba da hannunsa, da ya zo ɗiba aka buge hannun.

Sai wulaƙancin iyakar jiha. A New York yake kwana, a nan yake biyan haya, amma jihar da ya yi aiki ce za ta yanke masa hukunci da dokarta. Ƙasa ɗaya, ma'auni barkatai: a Mississippi komai albashinka ba ka wuce dala 235 a mako, a Massachusetts ana haura dala 1,000. Yawancin jihohi mako 26 suke biya, Florida kan tsaya a 12. Yunwar mutumin Florida ta fi gajarta ne?

Wannan zalunci ne, majalisa ce ta rubuta shi, ita ya kamata ta goge shi. Kafin nan, 'yan'uwa mazauna Amurka, duk wanda irin wannan takarda ta zo masa kada ya cusa ta ƙarƙashin katifa. Ya duba wa'adin da ke jikinta, ya ɗaukaka ƙara kafin ya wuce.