Layin Dogon Nguru Bai Mutu Ba, Yasar da Shi Aka Yi

Duk lokacin da aka tayar da maganar layin dogon Kano zuwa Nguru, sai ka ji wani ɗan boko ya taɓe baki ya ce ai Turawa ne suka shimfiɗa shi don kwasar gyaɗa, zamanin dalar gyaɗa kuma ya wuce. Farkon maganar gaskiya ne. Ƙarshenta kuwa lalaci ne aka naɗa wa rawani.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A 1930 aka kammala reshen Nguru, kusan kilomita 230, ya ratsa Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Babu mai cewa don ƙaunar talaka aka yi shi. Gyaɗa da fatu da ƙaro ake so su isa bakin teku. Amma dubi abin da ya haifar. Layin bai shiga birnin Haɗeja ba, sai Malam Madori ya zama tashar masarautar, ya cika ya batse. Nguru, inda ƙarfen ya ƙare, ya zama matattarar fatake masu dabbobi da kanwa har daga Nijar.

To, yau ƙasar nan ta daina noma ne? Riɗi da zoɓorodon Jigawa, shinkafar fadamar Haɗeja, busasshen kifin Nguru, shanu, duk a bayan tirela suke tafiya. Kwalta na farfashewa, kuɗin dizal kuma a kan mai saye yake ƙarewa.

Ana ta yi wa sabon layin Kano zuwa Maraɗi kirari tun da aka aza harsashinsa a 2021. Madalla, a gama shi. Sai dai kada a ce mana na Nguru ƙaramin layi ne da zamani ya bari. Faɗinsa milimita 1,067, daidai da wanda Afirka ta Kudu ke jan kwal da tama a kansa har gobe.

Uzurin cewa harkar jirgin ƙasa ta Abuja ce kaɗai ma ya faɗi. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya bai wa jihohi damar shiga cikinta. Kano da Jigawa da Yobe ne layin ya ratsa. Me zai hana gwamnoninsu uku su zauna da hukumar jiragen ƙasa, su fara da taragon kaya ko da sau biyu a mako?