A Biya Manoman da Ambaliya Ta Shafa Kafin Noman Rani

Ra'ayinmu shi ne tallafin ambaliya ya shiga hannun manomi kai tsaye, kuma kafin a fara yafa irin rani. A watan Agustan 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ware wa kowace jiha naira biliyan 3 saboda ambaliya. Jama'ar Kano na da haƙƙin ganin lissafin irin wannan kuɗi, ƙauye bayan ƙauye. Manomin Kura ko Warawa da ruwa ya kwantar masa da shinkafa tana gab da nuna, ga bashin taki a wuyansa, katifa da bargo da kwalin taliya ba za su mayar da shi gona ba. Iri yake nema, da taki, da man injin ban-ruwa. In tallafin ya makara, akuyar uwargida ce za ta tafi kasuwa, daga nan sai jinginar da gonar kanta. Kada mutanen birni su ɗauka abin bai shafe su ba: buhun da bai iso kasuwar Dawanau ba, magidancin Gwammaja ne zai ji a jikinsa wajen mai awo.

Don haka hukumomin agajin gaggawa na jiha (SEMA) da na tarayya (NEMA) su auna ɓarnar a gona tare da malaman gona da dagatai, ba a ofishin jam'iyya ba. A liƙa sunayen waɗanda za a biya da adadin kuɗinsu a ƙofar gidan dagaci, a tura wa kowa nasa ta asusunsa, majalisar dokokin jiha kuma ta nemi lissafin a bainar jama'a.