Ƙusa, Tawada da Injin Taliya: A Daina Cinye wa Yara Lokacin Zane

Malamai da iyaye, yau da ku nake. A makarantu da yawa na karkararmu, daga Safo har Madarunfa, an ware wa zane lokacinsa, amma da ya zo sai a ce yara su share fili ko su ɗebo ruwa. Ka yi magana, mushe ya ce babu kayan aiki, uba ya ce zane ba ya cika rumbu. Ni dai ban yarda da ko ɗaya ba.

Mu ɗauki zanen karce, wanda ake buga hoto da shi a takarda. Iri biyu ne. A na farko, tsinin ƙarfe ake sawa a karce farantin jan ƙarfe kai tsaye, a shafa tawada, a goge, a danna takarda mai danshi. Tawadar da ta maƙale a karcen ita ke fito da hoton. A na biyu, sai a rufe farantin da kaki, a zana a kai, a tsoma cikin asid ya cinye inda tsinin ya bi. Daga maƙera wannan dabara ta fito: Daniel Hopfer na garin Augsburg a Jamus, wajen shekarar 1500, da ita yake ƙawata sulken yaƙi kafin ya juya ta ga takarda. To, jikokin maƙera da masu zanen ƙwarya ne za a ce wa wannan baƙon abu ne?

Asid ba na yara ba ne, kada kowa ya kai shi aji. Amma na farkon me yake buƙata? Ƙusa, fallen roba mai santsi ko cikin kwalin madara mai ƙyalli, tawadar masu ɗab'i da za a nemo a Maraɗi, sai injin taliya na tsakar gida wanda zai matse takardar. Aji guda zai iya tarayya a kan inji ɗaya.

Masu cewa zane ba sana'a ba ne su dubi Zariya. Bruce Onobrakpeya ya shiga kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1957. A 1958 shi da su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane da ta ƙi kwaikwayon Turawa ido rufe. Da buga hotuna ya yi suna, har ayyukansa suka kai gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Wani zai kawo batun addini. Wa ya ce dole a zana mai rai? Ga zayyanar allo, ga dagi, ga tafkin Madarunfa da itatuwansa.

Kuma aikin ilimi ne kansa. Hoto a juye yake fitowa, dole yaro ya yi tunanin dama da hagu tun kafin ya taɓa ƙusa. Karce ba ya goguwa, dole ya koyi natsuwa. Hannun da ya saba da haka shi ne gobe zai riƙe alƙalami, allurar ɗinki ko wuƙar tiyata.

Don haka iyaye, a taron makaranta mai zuwa ku tambaya: ina lokacin zanen ƴaƴanmu yake tafiya? Malamai kuma, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku ajiye tsintsiyar nan, ku ba yara ƙusa.